Aduwar da Yaya Lawali Ya Faɗa Kafin Ƙararrawa

Shekara takwas ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa a Madarunfa, shekara goma sha uku kuma da wani alƙalin gasa ya ƙwace mana nasararmu a gaban kamera, duk mai tele yana kallo. Zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Yayana ya ba da amsa daidai, cikin lokaci, aka ce ya makara. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa tun daga ranar, a majalisa, a tasha, a bakin tafki, har mutane suka gaji da ni. Akwai sauran labarin da ba na faɗa, ko da yake kowa ya gani da idonsa. Shi zan faɗa yau.

Ni Hamisu a aji shida na tsaya da lakwal, wato makarantar boko. Sau biyu na zauna jarabawar sartifika ban ci ba. Yaya Lawali bai taɓa shiga aji ba, amma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sai mini littafi, shi ya yi mini aure. Muna da lambu kusa da tafki, albasa da tumatir da zogale, kuma da bokiti muke ban-ruwa. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san abin da yake yi wa ƙugu da kafaɗa.

A shekarar da abin ya faru, wani gidan tele ya zo Maraɗi ya shirya gasar kacici-kacici ta manoma. Kowane gari ya turo mutum biyu, ɗaya wanda ya san gona, ɗaya wanda ya iya karanta takarda. Aka zaɓi Yaya don saninsa, aka haɗa da ni don ɗan karatuna. Kyautar ƙarshe injin ban-ruwa ce. Na riga na gama shirya inda zan girka shi tun kafin mu shiga mota.

Mun ka da 'yan Gabi, mun ka da 'yan Ɗan Issa. Yaya ne ya yi aikin, ni dai ina tsaye ina gyara hula. A nuna masa iri a tafin hannu ya faɗi sunansa da ƙasar da yake so. A nuna masa ganye mai tsutsa ya faɗi abin da ya ci shi. Haka muka kai zagayen ƙarshe da wasu mutum biyu daga gefen Maraɗi. Sun fi mu da maki ɗaya, tambayar ƙarshe kuma mai maki biyu ce, tamu ce. Dokar a fili take: da an gama tambaya agogon bango zai fara tafiya, rabin minti ya cika ƙararrawa ta buga da kanta. Alƙali yana zaune gefe a kan tebur, wani tsohon malamin lakwal mai tabarau, maganarsa ita ce ƙarshe.

Sai masu shirin suka yi abin da suke gani ƙawa ne. Suka fito da wani baƙo daga bayan labule don ya yi tambayar ƙarshe da bakinsa, wani dattijo, sarkin noma daga garin Sarkin Yamma. Ba su sani ba, mu ma ba mu san za a kawo shi ba, ashe ƙanin mahaifin Hajara ne, matar Yaya. Surukinsa.

Dattijon ya ce a faɗa masa itatuwa bakwai da manomin kirki yake bari a gonarsa ba ya sarewa. Tambayar da ko a barci aka tashi Yaya zai amsa. Agogo ya fara tafiya. Ina dubawa sai na ga Yaya ya tuɓe takalma, ya zagayo daga bayan tebur, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ina wuni? An zo lahiya? Ya ƙarfin jiki? Ya su Inna?"

Tsohon kuma, Allah ya jiƙansa, ya amsa a tsanake kamar suna zaure. "Lahiya lau, Lawali. Ina Hajara? Ina yara?"

Ina ta cewa, "Yaya, agogo! Yaya, agogo!" Bai ko waiwayo ba. Sai da gaisuwa ta kai inda take kaiwa, sa'an nan, yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya jero su: gawo, kalgo, magarya, tsamiya, kuka, kanya, aduwa. Na ji aduwa ta fito cikakkiya daga bakinsa, sa'an nan ƙararrawa ta buga. Mutanenmu da suka cika mota suka biyo mu sun riga sun miƙe suna kabbara. Alƙali ya ɗaga hannu, ya jira aka yi shiru, ya ce shida ya ji cikin lokaci, ta bakwai ta zo bayan ƙararrawa.

An yi hayaniya. Wasu suka ce a mai da hoton baya a duba, ya ce ba ya cikin doka. To, nan ne wurin da nake tsai da labarin kullum.

Ga abin da ya biyo baya. Ban tafi wurin alƙali ba. Tsoron tabaransa da faransancinsa ya hana ni. Sai na juya kan wanda na san ba zai rama ba. Na sunkuya na kwashi takalman Yaya, na jefa masa su yana durƙushe, ɗaya ya same shi a kafaɗa. Na ce da ƙarfi, "Sa takalminka, baƙauye! Ka kashe mu!" A gaban surukinsa. A gaban kamera uku. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni lakwal ranar farko.

Ya ɗauki takalman, bai sa ba sai da tsohon ya bar wurin. A tasha, muna jiran mota ta cika, ya sayi fura ya miƙo mini ƙwaryar tukun. Ya ce, "Sha, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba." Na karɓa na sha. Har yau ina mamakin yadda ta wuce mini a maƙogwaro.

Gidan tele bai yanke wurin ba. Da shi ma suka riƙa tallar shirin har mako da makonni. Kafin wata ya ƙare, Yaya ya sami sabon suna a Madarunfa. Ya shiga kasuwa sai ka ji wani daga bayan rumfa ya ce, "Sa takalminka!" a kwashe da dariya. Da farko yakan yi murmushi ya wuce. Daga baya ya rage zuwa kasuwar, ya daina zama majalisar da ya shekara ashirin yana zama, ya koma daga lambu sai masallaci sai gida. Ni kuwa ina yawo ina zagin alƙali, ina jin cewa in na zage shi sosai mutane za su manta da hannun da ya yi jifa.

Sau ɗaya kawai muka taɓa maganar. Muna ɗibar ruwa, na ce masa cikin gatse, da yanzu inji ke yi mana wannan. Ya aje bokitinsa ya ce, "Hamisu, ko gobe aka sake, haka zan yi. Ba ni amsa ma surukina magana a tsaye." Ya ɗauki bokitin ya ci gaba. Wurin da ya kamata in ce ya yafe mini ke nan. Na yi tsaki na koma wani kwamin albasa.

Shekara biyar Yaya ya yi bayan gasar. Ciwon ajalinsa bai wuce kwana tara ba, lokacin girbin hatsi. Na zauna a gefen shimfiɗarsa kullum. Maganar tana bakina, na shirya ta, na san da wace kalma zan fara. In na buɗe baki sai in ji na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Ya ce amin. Haka har ranar da ba a sake amsa mini ba.

Na ɗauka abin ya bi shi ƙasa. Ashe yana ajiye. Bana wani ya tono hoton ya sa a waya, ya ɗora masa kiɗa da muryar dariya, ya yanke tambayar da amsar, ya bar durƙuson da jifan kawai. Daga wannan waya zuwa waccan har ya dawo gida. Ramatu, babbar ɗiyar Yaya, ta zo ta same ni a ƙofar gida da wayarta a hannu. Ɗiyarta ta yi dambe a lakwal don ana kiranta jikar baƙauye. Na fara waƙata ta kullum a kan alƙali, ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba Hamisu, alƙali inji ya hana mu. Sunan ga kai ka sa mishi."

Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ubanta ya koya mata, ta tafi. Kwana uku ban fita ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Yaro ya wuce dattijo a kan babur ya ɗaga masa yatsa biyu, shi ke nan an gaisa. Mutum yana magana da surukinsa idonsa na kan waya. Ni abin yana ƙona mini rai, ni da na fi kowa rashin bakin magana a kai. Shi na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ina jin da an nuna masa hoton ma, zai karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa ya kalla har ƙarshe, ya ce sun yanke wurin itatuwa, kuma da ma ya so ya sa ɗorawa a ciki. Abin da zai faranta masa rai shi ne gonaki. Yanzu masu aikin gona na gwamnati yawo suke suna roƙon mutane su bar gawo da kalgo su tashi, abin da yake yi tun ana ce masa malalacin da ba ya sassabe. Gonarsa tana nan a hanyar Gabi, ta fi duk na kewaye inuwa, ta fi su hatsi. Mai wucewa yakan tsaya ya huta a ƙarƙashin gawon da ya bari, bai san na wane ne ba. Wanda kuma ya san sunansa a waya bai san komai a kansa ba sai takalmi.

Shi ya sa watan jiya na shiga mota na tafi Maraɗi neman alƙalin. Buƙatata ɗaya ce: ya faɗa a waya, da bakinsa, cewa amsar ta zo cikin lokaci, in ba Ramatu ta watsa yadda aka watsa wancan. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa, ya tsufa ƙwarai, ya aje aiki da daɗewa, jikokinsa na wasa a gabansa. Da na faɗi garinmu da sunan Yaya, sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Bai yi mini gardama ba. Ya ce, "Na ji aduwa kafin ƙararrawa. Kowa ya ji."

Na ce, "To, mi ya sa?"

Ya ce da ya ga mai amsa ya durƙusa yana kiran mai tambaya Baba, ana tambayar mata da yara, sai gabansa ya faɗi. In ya ba mu, za a ce an haɗa baki, suruki ya kawo wa suruki tambaya daga gida, kuma shi alƙali da shi aka shirya. Ya ce ya zaɓi abin da zai fid da shi. Na ciro waya na ce ya maimaita haka kawai, ko rabinsa. Ya girgiza kai, ya nuna yaran da haɓa.

"Malam Hamisu, ka san abin da waya ke yi ma mutum. Waɗanga za su shiga lakwal a kira su jikokin maƙaryaci. Ba ni iyawa." Ya ƙara da cewa, "Kuma ni dai ban jefi kowa da takalmi ba."

Na daɗe a tsaye da wayar a hannu. Ba sai ya yarda ba, da na danna da ta ɗauka, kuma na san yadda ake dannawa. Na dubi yaran, ƙaramar cikinsu ba ta wuce ɗiyar Ramatu ba. Na mai da wayar aljihu.

Na ce masa, "Gaskiya ka faɗa, ni na yi jifa. Ni da kai muka taru muka wulaƙanta mutumin da ya fi mu. Zan rubuta a jarida, abin da ka faɗa mini da abin da na yi, in sa sunana a kai kowa ya gani. Naka sunan ba ni sa shi, don yaran ga ba su yi mini komai ba. Amma kada ka kwana da tunanin an yafe maka. Wanda ke da ikon yafewa yana cikin ƙasa shekara takwas, ni ma da nake ƙaninsa ban roƙe shi ba."