Katin Naman Malam Nasidi

Kafin Malam Nasidi ya zama mai gadin wani rukunin gidaje a Al Aziziya, shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da tarihi a wata sakandare a Funtuwa. Ya baro allinsa a gida, amma darasi ya biyo shi har Doha. Ko hanyar Al Wakrah ka tambaye shi, sai ka zaga ta Ingila kafin ka ji lambar bas.

Akwai zaɓen da ya fi ƙauna, na 1951. Yakan ce an gama yaƙin duniya da shekara shida, amma gwamnatin Ingila tana nan tana raba wa mutane nama da kati, har suka ƙosa. 'Yan adawa suka yi alkawarin kawo sauƙi, suka ci da ƙyar. "Kuma ku lura," in ji shi, yatsa a sama, "masu mulki sun fi yawan ƙuri'u, 'yan adawa sun fi yawan kujeru. Wayewa ke nan!"

Don haka da Hausawan Najeriya da na Zangon Ghana suka kafa ƙungiya, shi ya rubuta mata tsari, da hannunsa, shafi tara. Ba a ƙidaya kai, gida ake ƙidayawa. Kowace ƙofa mai makullinta mazaɓa ce, duk wanda ya fi rinjaye a cikinta ya ci gidan. Ba wanda ya karanta bayan shafi na biyu. Aka ba shi ciyaman.

Zancen gaskiya, ya yi aiki a lokacin korona. Da aiki ya tsaya wa wasu, shi ya riƙa tattara shinkafa da kaji yana aikawa ɗaki ɗaki. Don kada wani ya ci na wani, ya yanka kwali ya yi kati, ya sayi abin huda takarda. Cuta ta lafa, aka koma cin abincin Juma'a tare a tsakar gidansu na Bin Omran, amma kati bai tafi ba. Mutum da gemunsa zai miƙa kwali, Ciyaman ya huda, sannan Fausatu, 'yar Kumasi mai dafa musu abinci, ta sa masa nama yanka ɗaya.

"Ciyaman, korona fa ta wuce," in ji Fausatu wata Juma'a. "Jiya wani ya tambaye ni ko sai da kati zai sha ruwa."

"Hajiya, tsari ba ya wucewa."

Ana saura wata biyu a fara gasar cin kofin duniya wa'adinsa ya cika. Malam Nasidi yana son kujerar nan fiye da kowane lokaci, domin ciyaman ne zai tarbi baƙin da za su zo kallo daga gida, har ya aika an ɗinko masa babbar riga. Sai wani direba, Mutala, shi ma ɗan Kumasi, ya fito takara. Manufarsa ba ta cika layi ɗaya ba: a yaga kati, yanka biyu.

Malam Nasidi ya yi dariya har da tafa cinya. "Ɗan'uwa, siyasa ba tukunya ba ce. Me ka sani game da mulki?"

"Ni dai na san yunwa, Malam. Yalla, mu je zuwa, mu haɗu ranar zaɓe."

Bai damu ba. Gidansu na Bin Omran kaɗai mutum ashirin da uku ne, duk nasa. Ya ji labarin an tashi direbobi daga babban gidansu don a gyara wa baƙin ƙwallo, sun watsu a Al Wakrah, biyu nan, uku can. Har jaje ya je ya yi musu, ya sha shayi a ɗaki huɗu, bai kalli ƙofa ko ɗaya ba.

Ranar zaɓe, bayan sallar Juma'a, aka ƙirga. Mutum arba'in da ɗaya suka zaɓi Malam Nasidi, talatin da takwas suka zaɓi Mutala. Malam Nasidi ya miƙe zai yi jawabin godiya, sai Mutala ya zaro tsarin ƙungiya daga aljihu, ya buɗe shafi na shida, ya zube makullai a kan tabarma. Gida bakwai nasa, shida na Ciyaman.

"Wannan ai ba adalci ba ne! Jama'a ni suke so!"

"Malam, rubutunka ne ko ba naka ba?" in ji Mutala. "Kai ka ce mana wayewa ce. Halas, magana ta ƙare."

Fausatu ta leƙo daga bayan tukunya. "Shekara nawa kana ba mu labarin nan, Malam? Ashe mu kaɗai muke saurare."

Juma'ar da ta biyo aka yi yanka biyu. Na gaba suka ci suka yi kabbara, nama ya ƙare tun layi bai yi rabi ba. Malam Nasidi, wanda ya tsaya a ƙarshe don nuna shi ma yanzu talaka ne, romo ya samu da albasa.

Ana watsewa sabon ciyaman ya jawo shi gefe, ya rage murya. "Malam, katunan nan, ka zubar?"

Suna cikin akwatinsa, ɗaure da roba, a kan babbar rigar.

"A Ingila ma sai da aka ƙara shekara uku ana raba nama da kati," in ji Malam Nasidi, fuskarsa ta ɗan saki. "Dalili na farko shi ne..."

"Kawo su dai, Malam. Da abin hudawar."

Baƙi suka zo, Mutala ya tarbe su a filin jirgi. Malam Nasidi kuwa ya sa babbar rigarsa ya tsaya kusa da tukunyar Fausatu, yana huda kwali.