Jajayen Haƙoran Tsohuwar Lugu

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ina aiki a gidan tsofaffi na mishan a Dogon Dutsi, inda ake ajiye waɗanda ba su da kowa. Ni ce mai yi musu wanka, ni ce mai dama fura. Wata rana aka aiko mana da kwali daga Faransa cike da burushin haƙori. Tsofaffinmu tara ne, kuma ko an tara haƙoransu duka ba za su cika bakin mutum ɗaya ba. Amma baturiyar da ke kula da gidan ta kafe sai an goge wa kowa kullum da safe, har masu dasashi zalla.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙauyen Lugu mai haƙora biyu, jajaye wur. Tun tana budurwa take goga musu furen taba da goro, adon matan zamaninsu ke nan. Da na nufe ta da burushi sai ta damƙe baki.

Na ce, "Inna, buɗe mana."

Ta ce, "Ɗiyata, doguwar gidanmu, iskar da muka gada, da jan haƙori ta san ni. Ido ya tahi, gashi ya tahi. In kin hwaranta su, randa ta zo ɗaukata sai ta wuce ni."

Ni Kirista ce, ba ruwana da doguwa, amma ina tsoron baturiya, kuma Inna ta ba ni tausayi. Sai muka raba rana gida biyu. Da safe in goge su fes baturiya ta duba, bayan azahar in samo fure in mayar da su ja. Haƙora biyu suka fi duk aikin gidan cin lokacina.

Wata safiya na gama gogewa, na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar Inna ta cika. Bakinta a buɗe, haƙoran farare ƙal. Hankalina ya tashi. Na ruga lambu na tsinko fure, na durƙusa ina goga wa gawa, ina kuka, ina jin haushin kaina.

Sai ga baturiya tsaye a kaina. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta durƙusa, ta tallafe haɓar Inna, ta ce da Hausarta ta koyo, "Na hagu bai yi ja ba tukuna."