Ragunan Layya a Falon Hajiya

Baki buɗe na tsaya a wata gona a ƙauyen Summerfield, inda muke sayen raguna. Alhaji Mamman, wanda a-kori-kurarsa ke kwaso mana ragunan layya, ya iso janye da sabuwar tirela mai ɗaki da falo, wuyanta zaune cikin bodin motar.

Na ce, "Alhaji, kwance ta mu loda raguna."

"Ko an kwance, ƙarfen da ke riƙe ta ya cinye bodin. An nuna mini na cirewa, na ce a yi walda. Ba na son abu mai motsi."

"To ragunan fa?"

"Malam, don me na jawo falo?"

A kan sabon kafet ɗin Hajiyarsa da ke falon tirelar ragunan suka shigo garinmu Greensboro, kuma ba su riƙe cikinsu ba.

Jama'a, wa zai gaya mata?