Mamman Sani da Kabarin Kakansa a Ƙauyen Faransa

Shekara bakwai ke nan da muka binne Mamman Sani a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma har yau aikin da ya bari yana wuyana, ban san ta inda zan ƙarasa shi ba.

Ni Bakano ne, takalma nake saye a kasuwar Zhanxi Lu ina aikawa gida. Shi mutumin Maraɗi ne, sana'armu ɗaya, ɗaki ɗaya muka riƙe a unguwar Sanyuanli. Mutum ne mai raha, amma akwai abin da ke cinsa. Kakansa na wajen uwa, Tanko, Faransawa suka ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu, lokacin matarsa na da cikin Inna Hadiza, mahaifiyar Sani. Bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya dawo ya ce abokan gaba sun kama su, an sa su saran itace a wani ƙauyen Faransa, can ya baro Tanko kwance yana tari. Sunan lardin kawai ya riƙe, shi ma a karkace. Haka Inna ta girma, ta tsufa, ba ta san inda ubanta yake kwance ba.

Sani ya yi mata alkawarin zai nemo. Sau biyu yana rufe harkarsa ana tsakiyar ciniki ya tafi Faransa, wani ƙaramin gari da ke da gidan ajiye tsofaffin takardun lardin. Ya ba ni labarin yadda yake wuni a ɗaki mai sanyi, ana fito masa da kundin mace-mace na ƙauyuka, rubutun hannu duk ya koɗe. Ya ce Turawan ba su damu da sunayenmu ba, yadda kunnensu ya ji haka suke rubutawa, wani wurin ma sai dai su sa sojan Afirka, ba suna. Ya hau motocin ƙauye, ya shiga maƙabartu yana goge gansakuka daga kan duwatsu. Da ya dawo sai ya mayar da abin wasa, wai a nan 'yan kasuwa na ce masa meyo, wato babu, can ma babun ce, yaren ne kawai ya bambanta. Ni dai na ga yadda ya rame.

A tafiya ta biyu ya ce ya kusa, saura ƙauyuka kaɗan a bakin wani daji. Yana shirin komawa ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kwalayen takalma. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ni na kira Inna na faɗa mata. Sai ta ce, "Ɗana, ubana ban san kabarinsa ba. Sani kuma na san inda yake, amma ƙafata ba za ta kai ba." A nan na ce mata zan ɗora daga inda ya tsaya.

Ina yawan tunanin me Sani zai ce da ya ga yau. Da yawa daga cikin kundayen da ya ƙetare duniya don ya gani yanzu suna intanet, mutum na zaune a shago zai buɗe su a waya. Na tabbata da ba zai ƙara sayar da takalmi ko ƙafa ɗaya ba sai ya bi su shafi shafi. Ni kuwa ina buɗewa in zuba ido, ba na jin Faransanci. Na roƙi 'yan uwanmu na Yamai da Maraɗi su duba mini, sun yi ƙoƙari, amma tsohon rubutun ya gagare su, kuma kowa kayansa ya zo lodawa. Na nemi bizar Faransa an hana ni, na sake nema an sake hana ni. Na aika saƙo gidan takardun, suka amsa cikin ladabi cewa sai na ba su cikakken suna da shekarar haihuwa. Wa ya rubuta wa Tanko shekarar haihuwa?

Inna yanzu ba ta tashi daga shimfiɗa. Jikokinta sun ce wani lokaci takan manta Sani ya rasu, ta tambaya ko ya dawo daga Faransa. Idan suka miƙa mata waya, muryata take ganewa, kuma tambayarta ɗaya ce: ko na gano kabarin ubanta. Duk wata amsa da ba ƙarya ba ta ƙare mini.

Shi ya sa wannan waiwaye da na rubuta bana don tunawa da Sani ya zama roƙo. Idan akwai mai karanta wannan da ke zaune a Faransa, ko ya iya karanta tsohon rubutunsu, don Allah ya neme ni ta hannun jaridar nan. Sunayen ƙauyukan da suka rage suna wurina.

Sani bai bar gida ko shago da sunansa ba. Abin da ya bari shi ne ya ƙi yarda a ce mutum ya ɓace kawai, kuma ya sa ni ma na kasa yarda. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tanko a duk inda yake kwance. Allah kuma ya sa in sami abin da zan gaya wa Inna tun tana iya jin muryata.