Ɗan Mai Waina da Gudun Haske

Shekarar da aka tura mijina koyarwa a lisen Tanut, wato babbar sakandaren garin, mun kama hayar wani gida mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Kimiyya yake koyarwa, fannin motsi da haske da lantarki, kuma kowa a layin Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal, wato makarantar boko. Ni a kwaleji, ƙaramar sakandare, na tsaya, amma Faransancina ya ishe ni in bi abin da ake faɗi a tele. Mu kaɗai ke da farabol, faifan nan mai kamo tashoshin waje, a layin, saboda haka duk Asabar bayan la'asar tsakar gidanmu cika take yi da matan maƙwabta. Sai in fito da telen bakin ƙofar ɗaki, in shimfiɗa tabarmi, su kalli hoto, ni ina juya musu maganar da Hausa.

Shirin da suka fi so na wani jirgi ne mai yawo tsakanin taurari. Taurarin ba su dame su ba. Abin da ke gabansu shi ne wa ke son wa, wa ya ci amanar wa, da kuma ranar da shugabar jirgin, wata doguwar mace mai ɗaure fuska, za ta gane mataimakinta munafuki ne.

Mijina yakan zauna gefe a kujerarsa da butar shayi, wai shi ba kallo yake ba. Amma ba a taɓa fasa jirgi a telen nan ya yi shiru ba. Sai ya ce can sama babu iska, inda babu iska kuwa babu ƙara, don haka duk rugugin nan ƙarya ne. Ya ce wuta ba ta ci haka a can. Ya ce mutum ba zai yi ta takawa cikin jirgin kamar yana tsakar gidansu ba, kuma ba yadda za a yi ka sauka wata duniyar ka tarar mutanenta na jin yarenka. In wata ta ce ai labari ne, sai ya ce labarin da ba ya kunyar ƙarya raina mai kallo yake yi. Matan sun saba da shi har sun daina waiwayowa in ya fara.

Cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa da ke toya waina a bakin layinmu, Inna muke ce mata. Daga wani ƙauye kusa da Gangara ta zo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta kuma guda ne, tela, wanda ya tafi Agadas da niyyar wucewa Libiya shekara huɗu kafin zuwanmu. Ya kira ta daga can ya ce gobe motarsu za ta tashi, ba zai sake samun waya ba sai sun isa. Daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sai ta baro ƙauyen ta kafa tandarta inda take iya hango titin da motocin arewa ke bi. Takan zo kallo da ragowar waina a kwano, ta zauna can baya, ba ta cika magana ba, kuma ba na jin tana bin labarin sosai.

Wata Asabar aka nuna wani saurayi matuƙi da aka aika cikin ƙaramin jirgi mai tsananin gudu ya ɗauko magani daga nesa. A ganinsa ƴan kwanaki ya yi. Da ya dawo sai ya tarar ƙanwarsa ta yi furfura har da jikoki, shi kuwa ko gemunsa bai ƙaru ba. Na juya musu, matan suka yi salati, muka jira Mushe ya ce ƙarya ne. Sai ya ajiye kofi ya jawo kujerarsa kusa. Ya ce a duk shirin nan wannan ne kaɗai suka faɗa daidai. Ban taɓa ganin fara'arsa irin ta ranar ba. Ya ɗauki takalmana biyu, ya ajiye ɗaya, ya ja ɗaya a ƙasa, yana bayanin cewa wanda ke tafiya kusa da gudun haske agogonsa a hankali yake juyawa, na gida ya yi shekaru, matafiyin ya yi kwanaki. Ya ce an gwada, an tabbatar.

Daga can baya Inna ta ce, "Mushe, wato wanda ya yi nisa bai san an daɗe ba?"

Ya ce haka ne, in dai gudunsa ya kai. Ban ga alamar ta ji ƙarshen maganar ba.

Kafin Asabar ta zagayo Inna ta zama wata. Ta wanke zanenta na fita, ta sa lalle, ta dawo zama gaba dab da telen tana tambayata ina matuƙin nan ya shiga. Duk wanda ya zo sayen waina sai ta gaya masa yaronta bai san an daɗe ba, a wurinsa shekaranjiya ya kira ta. A lokacin na gane abin da ke cinta duk shekarun nan. Ba mutuwa ta fi tsoro ba. Akwai masu raɗa cewa ya samu wuri a can ya yi aure ya manta da ita, wannan ne ke hana ta barci. Yanzu ta samu abin da ya wanke shi. Damuwarta ɗaya, kada ya dawo ya kasa gane ta don ta tsufa.

Layin bai bar ta ba. A bakin fanfo mata kan tambaye ta, fuska a ɗaure, yanzu ƙarfe nawa a wurin tela. Wanda ya samu wainar ta huce sai ya ce ba komai, a agogon ɗanta ai yanzu aka sauke ta. Wata ta ba ta shawara ta tanadi garin jarirai, ko da zai dawo yana rarrafe. Inna takan yi dariya tare da su, ban san ko ba ta gane ba ne ko ta gane ba ta damu ba. Amsarta kullum ɗaya ce, su je su tambayi Mushe, shi da ba ya yarda da ƙarya ko ta tele ce.

Haka maganar ta kai lise. A ɗakin malamai wani ya tambaye shi ko motocin hamada sun fara gudun haske ne, don a gyara darasi. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Na ce ya rabu da ita, wa ta cuta? Na ce ƙaryar telen ma ai gunaguni kawai yake yi ya bar ta ta wuce. Ya ce waccan ba a ce shi ya faɗa ba.

Washegari da safe ina tsaye wurin Inna da kwanona, mutane sun yi layi, sai ga shi da rigarsa gogaggiya zai tafi aiki. Ya gaishe ta yadda ya kamata. Bai ɗaga murya ba, da muryar aji ya yi magana, a tsanake, yadda na baya ma zai ji. Ya ce motar da ɗanta ya hau in aka kwatanta ta da haske tamkar a tsaye take, don haka agogonsa da nata ɗaya ne, shekarun da ta ƙirga shi ma su ya ƙirga. Inna ta ce amma shi ya faɗa. A nan ya kamata ya tsaya, na ma taɓa hannun rigarsa. Sai ya ci gaba. Ya ce in mota ta mutu a wancan rairayin kuma ruwa ya ƙare, kwana biyu ne ko uku. Ya faɗi yadda harshe ke kumbura ya cika baki, yadda fitsari ke tsayawa, yadda hankali ke juyewa mutum ya tuɓe kayansa ya bar inuwar motar ya bi abin da yake gani kamar ruwa.

"Inna, ɗanki ba ya cikin wani jirgi," in ji shi. "In yana raye, ya san shekara huɗu ce, kuma bai kira ki ba. In ba haka ba, ya mutu tun makon farko. Ɗaya ce cikin biyun nan. Ki daina sa sunana."

Ya duba agogonsa ya wuce. Wainar da ke cikin tanda ta fara ƙauri. Wani daga cikin layin ya ce a dai juya ta kada a yi asara, biyu suka yi dariya. Inna ta ɗauki tsinke ta juya, ta sallami kowa ɗaya bayan ɗaya, har ni ta tambaye ni ta nawa nake so.

Asabar ɗin Inna ba ta zo ba. Wata ta zauna a wurinta na gaba, aka yi kallo, mataimakin nan ya sake kitsa wani makirci. Da na je ɗakin da Inna take haya na same ta tana ɗaure kayanta. Ta ce ƙanin mijinta ya zo daga ƙauye, labari ya kai masa. Ya daɗe yana matsa mata ta yarda yaron ya rasu a yi sadaka a raba gonar da ubansa ya bar masa, tana ƙi. Yanzu ta yarda. Na ce ai ba wanda ya ga gawa, ko Mushe ma bai ce lallai ya mutu ba. Ta ce biyu ya ba ta, ta zaɓa. Ta ce yaronta ba zai yi shekara huɗu da ransa bai kira ta ba.

Sannan ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce tun ranar ba ta iya kai moɗa baki sai ta tuna harshen nan. In tambayar mata Mushe, a ƙarshe mutum yana jin abin ne, ko barci ne ke ɗaukarsa?

Na tambaye shi yana gyaran takardun ɗalibai. Bai ɗago ba ya ce yana ji, har kusan ƙarshe, sai dai ba ya sanin inda yake. Na koma na ce mata ya ce barci ne ke fara zuwa, mai nauyi, mutum ba ya sanin komai bayan haka. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴata. Amma wannan ba maganar Mushe ba ce." Ta ci gaba da ɗaurinta. Da safe aka sa ta a motar Gangara, tandar ta bar wa wata maƙwabciya.

Bayan an yi sadaka da ɗan lokaci, ranar kasuwa, aka yi sallama a ƙofarmu. Ƙanin mijin nata ne, wani siriri mai rawani da yawan godiya, riƙe da zabbi biyu ɗaure a ƙafa. Ya ce ya zo ne ya ga malamin da ya yi abin da malaman ƙauyensu duka suka kasa. Ya ce an raba gonar lafiya, an ba tsohuwar kasonta ta gefen tudu, inda aikin ba zai yi mata yawa ba tunda ba ta da mai yi mata. Na tambayi lafiyarta, ya ce da sauƙi, sai dai ba ta son shan ruwa, sai an yi mata faɗa.

Mijina ya shimfiɗa masa tabarma, ya zuba masa shayi, ya ce shi ba abin da ya yi illa gyara kuskure. Sun daɗe suna hirar damina da farashin hatsi. Da baƙon ya tafi, ya miƙo mini zabbin ya ce a yanka ɗaya yau a bar ɗaya sai Juma'a, kuma in rage yaji, don na jiya ya yi yawa.