Cingam ɗin Baba Ladan

Har yau ban manta da ranar da Baba Ladan ya ture hannuna ba. A farkon shekarun casa'in ne, ina mataimakiyar likitan haƙori a Yendi. Aikina shi ne dafa kayan aiki, riƙe fitila, da mayar wa marasa lafiya maganar likita da Hausa ko Dagbanci. Duk wata mukan loda akwatunanmu mu je Salaga duba mutane, don babu mai aikin haƙori a can.

Baba Ladan dattijo ne, jikan fataken goro, shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu. Da ya buɗe baki na ga harshensa ya bushe har ya tsattsage, haƙoran ƙasa sun fara ruɓewa daga gindi. Likita ya bincika, ya gano maganin hawan jinin da yake sha ne ke busar masa da baki. Ga wanda bai sani ba, yawu ne ke wanke baki, yana kashe tsamin da abinci ke bari. In ya ƙafe, haƙori ba ya daɗewa. Likita ya ce ya yawaita shan ruwa, ya kuma riƙa taunar cingam marar sukari bayan cin abinci, domin tauna na kawo yawu. Ya ba ni fakiti ɗaya, na miƙa masa.

"'Yata, da furfurata zan zauna ina ƙas-ƙas kamar 'yan matan tasha?"

Ya ture hannuna, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Na koma Yendi hankalina bai kwanta ba. Ana nan sai matarsa, Hajiya Adiza, ta aiko direban motar doya ya gaya mini Baba ya daina shan maganin gaba ɗaya, saboda muryarsa ta sarƙe yana tsakiyar kiran salla, har wani ya ƙarasa masa. Na sanar da likita, ya ce in je in lallashe shi ya zo a sauya masa magani. Na bi motar nan. Damina ce, hanya ta lalace, duk inda muka kafe sai in sauka in yi ta kai-kawo, ina tunanin kada in tarar jikinsa ya shanye.

Na same shi a zaure ya dafe kai, idanunsa jawur. Na yi bayani har na gaji, ko kallona bai yi ba. Hajiya ce ta karɓi fakitin cingam ɗin daga hannuna.

"Malam, wa ke ganinka a ɗakina?"

Ya tashi ya bi ta, ta saki labule. Washegari muka taho Yendi tare aka sauya maganin. Cingam kuwa, ƙanenta da ke fatauci a Bawku ne ya riƙa sayo masa daga Togo.

Haƙora biyu ba su cetu ba, mun cire su. Amma har aka yi mini canjin wurin aiki yana kiran sallarsa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka zo bayanmu: kafin ku miƙa wa babba magani, ku tuna a gaban wa zai sha shi. Mu bakin muka duba. Hajiya ce ta duba mutumin.