Sunan Asta a Bakin Uwarta

Duk wanda ya zauna a layinmu na New Bell ya san Rakiyatu mai gasa kifi. Kullum da safe takan hau babur zuwa kasuwar kifi ta Youpwé ta sayo kifinta, ta dawo ta hura gawayi. Mace ce mai baki, ɗan acaɓan da ya watsa mata taɓo sai ya ji tarihin kakanninsa. Abu ɗaya ne bakin nan bai taɓa furtawa ba, wato sunan 'yarta ta fari, Asta.

Ita Rakiyatu kakarta ce ta rene ta, ta kuwa damƙa mata kunyar ɗan fari cif. Asta dai "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta yi mata wasa, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. Ni maƙwabciyarta na sha yi mata tsiya a kan haka, sai ta ce, "Hajjo, haka na taras."

Da Asta ta isa shiga makarantar ƙananan yara, ta faɗa hannun Madam Bi, wata 'yar ɓangaren Bamenda, yankin masu Ingilishi. Kowace safiya matar nan takan durƙusa a bakin aji ta buɗe hannuwa ta ce da Faransanci, "Asta, ma chérie, viens!", wato "Asta, 'yar lelena, zo!" Yarinyar da ba a jin muryarta a gida ta dawo da surutu da waƙe-waƙe.

Ana nan rikicin yankin masu Ingilishi ya tsananta. Wata safiya aka je makaranta babu Madam Bi. Wai an ƙone ƙauyensu, ta tafi neman mahaifiyarta. Ba sallama, wayarta kuma ba ta sake shiga ba.

Asta ta daina magana ɗungurungum, abinci ma sai an matsa. Rakiyatu ta kai ta asibiti, ta karɓo rubutu, ta sayo sabon takalmi, duk a banza. Na ce mata, "Don Allah ki kira yarinyar nan da sunanta."

Ta ce, "Bakina ba zai iya ba."

Sai da yarinya ta rame. Wata rana da hantsi tana zaune a bakin ƙofa, rungume da jakar makaranta, uwar tana fifita gawayi a bayanta. Ina shanya na ji Rakiyatu ta ce, a hankali, "Asta."

Yarinyar ta zabura ta fita titi da gudu, tana duba hagu da dama.

"Madam ta dawo?"

Maganarta ta farko ke nan tun tafiyar malamar. Rakiyatu ta tsaya da mafici a hannu, kifi na ƙonewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Asta ta girma, tana magana kamar kowa, uwar ma tana kiran sunan yanzu. Amma Rakiyatu ta sha gaya mini abin da ke cin ranta: ranar nan, ko waiwayo inda take tsaye yarinyar ba ta yi ba.